Makarantun gwamnati na Shaker Heights

Shaker Heights gari ne na masu hali da ke gabas da birnin Cleveland a jihar Ohio ta Amurka, mai mutane 29,439 a ƙidayar 2020. An san makarantunsa da abu biyu: ingancin karatu, da kuma tazarar da ta ƙi rufewa tsakanin sakamakon ɗalibai baƙaƙen fata da na farare.

'Yan'uwa biyu masu harkar filaye, Oris da Mantis Van Sweringen, su suka tsara garin a farkon ƙarni na 20, kuma shekara da shekaru ba a barin baƙar fata ya mallaki gida a cikinsa. A 1956 aka tayar da bam a gidan da wani lauya baƙar fata yake ginawa a unguwar Ludlow. Maimakon farare su kwashe kayansu su gudu, kamar yadda aka saba gani a wasu garuruwan Amurka, sai maƙwabta suka kafa ƙungiya a 1957 don unguwar ta ci gaba da zama ta kowa. A 1970 hukumar makarantu ta fara kai yara makarantun wasu unguwanni a motocin bas don a cakuɗa su, ba tare da kotu ta tilasta mata ba. Yau baƙaƙe da farare su ne manyan rukunoni biyu na ɗaliban, kuma yawansu bai yi nisa da juna ba.

Sai dai ƙofa ɗaya ake shiga, aji kuwa kowa da nasa. An daɗe ana raba ɗalibai bisa matakin ƙwazo, azuzuwan haziƙai suka cika da farare, na ƙasa kuma da baƙaƙe. Da jaridar ɗalibai, Shakerite, ta buga alƙaluman wannan giɓi a 1997, gari ya ɗauki zafi. Iyaye baƙaƙe suka gayyato John Ogbu, masani ɗan asalin Najeriya da ke koyarwa a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley. A binciken da ya fitar a 2003 ya ce yaran ba sa zage damtse yadda ya kamata, iyayensu kuma ba sa bibiyar karatunsu sosai. Wannan magana ba ta yi wa da yawa daga cikin waɗanda suka kira shi daɗi ba. Ronald Ferguson na Jami'ar Harvard kuwa ya fi ɗora nauyin a kan bambancin ilimin iyaye da tushen karatun da yaro ya zo da shi, hujjar da ke da wuyar turewa, domin akwai tazarar arziki mai yawa tsakanin gidajen garin.

Tun 1990 akwai shirin MAC Scholars, inda manyan ɗalibai maza baƙaƙe masu ƙwazo ke jan ƙananan ɗalibai 'yan'uwansu baƙaƙe a jiki. A 2020, ana tsakiyar annobar korona, shugaban makarantun David Glasner ya haɗe yawancin azuzuwan da aka raba. Wasu iyaye sun yi maraba, wasu kuma suka koka cewa an yi gaggawa, ba a shirya malamai ba tukuna.