Waiwaye: Tsargiya ta riga baƙi zuwa bakin ruwa

Duk lokacin da aka ta da zancen mayar da bakin madatsar Goronyo ko tafkin Kware wurin yawon buɗe ido, sai baki ya rabu biyu. Wasu na hango ciniki ga masu kwale-kwale da masu suyar kifi, wasu na cewa baƙi za su kwaso tsargiya su tafi da ita gida.

Cutar tsohuwa ce. Tun 1851 likita Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira, a ƙauyukanmu kuwa an daɗe ana ganin yaro na fitsarin jini, har wasu su ce alamar balaga ce.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda ruwanmu ya sauya bayan farin 1973. A da, gulbin Rima da na Sakkwato kan cika da damina su malale fadama, rani na kamawa su janye, kududdufai su ƙafe. Dodon-koɗin da tsutsar ke girma a cikinsa sai akasarinsa ya mutu a busasshiyar laka, cutar ta lafa. Da yunwa ta gasa mu, aka karkata ga noman rani: an kammala madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo a 1984. Ba mai raina shinkafa da albasar da muka samu. Sai dai ruwa ya zama na rani da damina, kwance a magudanai masu ciyayi, daidai yadda dodon-koɗi ke so. Senegal ta ga haka ƙarara bayan madatsar Diama ta 1986, inda tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll.

Ruwa ya zo, amma masai da rijiyar burtsatse ba su biyo shi ko'ina ba. Mai cutar ya yi fitsari a magudana, ƙwai su ƙyanƙyashe su shige dodon-koɗi, bayan 'yan makonni tsutsa ta fito ta huda fatar mai wanka ko wanki, ko da bai kurɓi ruwan ba. Ƙwayar praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta tana kashe tsutsar jiki, amma ba ta hana sake kamuwa washegari.

Gaskiya ne baƙo na iya ɗauka daga wanka guda, kamar yadda ya faru da masu hutu a kogin Cavu na tsibirin Kosika a 2013. Amma shi birni zai koma ya ga likita. Wadda ta fi damuna ita ce yarinyar da ke wanke-wanke a gaɓar kullum, wadda cutar ke iya taɓa mahaifarta, kuma ba a cika ambatonta a muhawarar ba.