Ragin kuɗin siminti: abin da dokar ta ce da abin da ba ta ce ba

Tun bayan ambaliyar damanar 2024, wadda ta rusa gidajen laka masu yawa har ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, maganganu biyu ke yawo a Tawa. Wasu na cewa gwamnati za ta raba siminti kyauta ga duk wanda ɗakinsa ya faɗi. Wasu kuma na cewa simintin da aka rage wa kuɗi an rage masa ƙarfi. Duka biyun ba haka ba ne.

Dokar da shugaban Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya sa wa hannu a watan Oktoba 2024 ba ta rabon kaya ba ce. Gwamnati ta yafe wasu haraji a kan siminti, sannan ta ƙayyade farashinsa jiha jiha, ragin da ya kai kusan kashi 35 cikin 100. Tallafin yana cikin harajin da baitulmali ya haƙura da shi. Babu rajista, babu takardar mai unguwa: wanda ruwa ya ci gidansa da mai sabon gini duk farashi ɗaya za su saya.

Dokar ta 2024 ta sa tan ɗaya jika 51 a Tawa, a Yamai jika 55 (jika sefa 1,000 ce, dala sefa 5). Sauƙin namu ya zo ne daga kusanci da masana'antun Malbaza da Badagishiri, don kuɗin mota shi ke ɗaga farashi. Tan buhu 20 ne masu kilo 50, ke nan buhu ya faɗo a jika 2 da dala 110 a nan, jika 2 da dala 150 a Yamai. Kuɗin amalanken da zai kai maka gida lissafinsa daban.

Inda aka fi rikicewa shi ne lambar da ke jikin buhu. Ragin ya shafi siminti mai lamba 32.5 kaɗai. Mai 42.5 ba ya ciki, saboda haka idan ɗan kasuwa ya faɗi kuɗinsa sama da wancan, bai taka wannan doka ba. Amma idan buhun 32.5 ne ya ce maka jika 4, sai ka tsaya. Duba lambar da idonka kafin a ɗora, kuma ka karɓi takardar sayayya mai nuna lamba da yawan buhu, domin da ita za ka kai ƙara ofishin ma'aikatar kasuwanci.

Ita wannan lamba ma'aunin nauyin da siminti ke iya ɗauka ne bayan kwana 28 da kwaɓawa. Mai 32.5 ya isa bulo, shafe, daɓe da ginin gida na yau da kullum. Mai 42.5 na bene ne da manyan ginshiƙai. Bulon da ke marmashewa a hannu galibi laifin kwaɓi ne: an cika yashi don buhu ya ba da bulo da yawa, ko yashin na da laka, ko ba a shayar da shi ruwa safe da yamma na mako guda ba. Buhun da aka jibge a ƙasa mai danshi kuwa dunƙulewa yake yi, a ɗora shi kan katako. Mai ƙaramin ƙarfi da zai sake gini da laka, gara ya zuba 'yan buhunansa a harsashi da gindin bango, inda ruwa ke fara ci.

Sai dai a gaskiya dokar ta fi taimakon mai fili da ɗan abin hannu. Ɗan haya da ɗakinsa ya rufta, da matar da ke kwana da 'ya'yanta a ajin makaranta ko rumfar zana, ragin siminti bai kai gare su ba. Su fili suke buƙata a tudu, nesa da hanyar ruwa, da mafakar da za su zauna kafin a kai ga maganar bulo.