Me ya sa izinin da aka ba jirgin sama a ƙasarsa yake aiki a sararin samaniyar wasu ƙasashe?

Jirgin da ya kwashi maniyyata daga Kano zuwa Jidda, idan ya bi hanyar da aka saba bi kafin ɓarkewar yaƙin Sudan a 2023, yakan fita daga hannun masu kula da zirga-zirgar jirage na Najeriya ya shiga hannun na Chadi, daga nan na Sudan su karɓe shi, sannan ya ƙetare Bahar Maliya ya shiga hannun na Saudiyya. Babu ɗaya daga cikin jami'an nan da ya taɓa duba na'urorin jirgin ko ya yi wa matuƙinsa jarrabawa, amma kowannensu yana iya barin wani jirgin ya wuce ta samansa ko ta ƙarƙashinsa da tazarar ƙafa 1,000 kacal, wato kimanin mita 300. Abin da suka dogara da shi shi ne izinin da hukumar ƙasar jirgin ta bayar tun a gida, da kuma tabbacin cewa da ma'auni ɗaya ake auna wannan izini a ko'ina.

Tushen wannan tsari shi ne Yarjejeniyar Chicago, wadda ƙasashe 52 suka sa wa hannu ranar 7 ga Disamba, 1944, kuma ita ce ta haifi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, wadda a yau take da mambobi 193. Sashe na 1 na yarjejeniyar ya tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin samaniyarta. Da an tsaya a nan, da kowace ƙasa ta shimfiɗa nata sharuɗɗan, jirgi ya riƙa neman sabon izini a kowace iyaka. Shi ya sa sashe na 37 ya ɗora wa ƙasashe nauyin haɗa kai wajen daidaita ƙa'idojinsu iyakar iyawa, sashe na 33 kuma ya ce takardar shaidar lafiyar jirgi da lasisin matuƙi da ƙasar da ta yi wa jirgin rajista ta bayar, wajibi ne sauran ƙasashe su amince da su muddin sharuɗɗan bayar da su ba su gaza mafi ƙarancin ma'aunin duniya ba. Su ma'aunan kansu suna cikin wasu rataye 19 da aka haɗa da yarjejeniyar. Na 6 shi ne ya shafi yadda ake tafiyar da jirage, na 11 kuma ya shafi kula da zirga-zirgarsu.

Misalin da ya fi fito da aikin wannan doka fili shi ne tsarin rage tazarar tsawo, wanda ake taƙaita sunansa da RVSM. Na'urar da ke gaya wa matuƙi nisansa daga ƙasa nauyin iska take aunawa, kuma idan aka yi sama sosai iskar takan yi sauƙi har ƙaramin kuskuren awo ya zama ƙafafu masu yawa. Saboda haka aka daɗe ana raba jirage da ƙafa 2,000 daga tsawon ƙafa 29,000 zuwa sama, abin da ya sa matakai bakwai kaɗai ake da su tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000, alhali a wannan tsakani ne manyan jirage suka fi rage shan mai, kowa kuma nan yake so. Da na'urori suka inganta sai aka mayar da tazarar ƙafa 1,000, matakan suka koma 13. An fara a kan arewacin Tekun Atlantika a 1997, Turai ta biyo baya a Janairun 2002, Amurka a Janairun 2005, Afirka kuma a ranar 25 ga Satumba, 2008. A ƙarƙashin tsarin, jirgin da ya fuskanci gabas yakan ɗauki mataki kamar ƙafa 35,000 ko 37,000, wanda ya fuskanci yamma kuma ya ɗauki 36,000 ko 38,000, don haka jirgin alhazai mai dawowa gida yana iya giftawa daidai saman wanda ke tafiya.

Ba kowane jirgi ake bari ya shiga wannan tsakani ba. Sai yana da na'urorin auna tsawo guda biyu waɗanda ɗaya ba ta dogara da ɗaya ba, da na'urar da ke riƙe jirgi a matakin da aka ba shi, da mai yin gargaɗi idan ya kauce, da kuma wadda ke aika wa jami'an ƙasa tsawon da yake kai. Bayan na'urori, hukumar ƙasa takan duba tsarin gyaran kamfanin, domin ko lotsawar jikin jirgi kusa da ƙananan kafofin da iska ke shiga tana iya ɓata awo, sannan ta duba horon matuƙa. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce ke da wannan aiki. Idan ta gamsu ta ba da izini, kamfanin sai ya sa harafin W a takardar tsarin tafiyar da yake miƙawa kafin kowane tashi. Wannan harafi ɗaya shi ne abin da jami'in da ke Injamena ko Jidda yake gani, a kansa kuma yake yanke shawarar tazarar da zai ba ɗaruruwan rayuka. Idan na'ura ta lalace ana cikin tafiya, dole matuƙi ya sanar nan take, jami'i kuma ya mayar masa da tazarar ƙafa 2,000 ko ya saukar da shi ƙasa da wannan tsakani.

Tunda harafi ba ya tabbatar da kansa, an kafa hukumomin sa ido na yanki-yanki. Ta Afirka ita ce ARMA, mai zama a Afirka ta Kudu. Aikinta shi ne riƙe rajistar jiragen da ƙasashe suka ba izini, ta gwada ta da takardun tafiyar da ake miƙawa don gano masu sa W ba tare da izini ba, ta kuma bi diddigin awon ainihin tsawon da jirage ke tafiya a kai. Ƙa'ida ta ce kowane kamfani ya gabatar da aƙalla jirage biyu daga kowane samfuri domin wannan awo sau ɗaya cikin shekara biyu, ko bayan awa 1,000 na tashi, duk wanda ya fi tsawo. A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi cancantar kulawar gwamnatoci, domin kamfanin da ya yi ƙarya ko ya yi sakaci a nan ba fasinjojinsa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba, har da na jirgin wata ƙasa da ya cika kowane sharaɗi.

Wancan izini na tazarar sama da ƙasa ne. Akwai kuma na dama da hagu. A da, jirage suna tafiya ne daga wata tashar rediyo ta ƙasa zuwa wata, hanyoyinsu na karkacewa gwargwadon inda aka kafa tashoshin. Da kwamfutar jirgi da tauraron ɗan Adam suka ba da damar miƙewa kai tsaye, sai kowane yanki ya ƙirƙiro nasa izinin da nasa suna. Turai tana da B-RNAV da P-RNAV, Amurka tana da nata rabe-raben, arewacin Atlantika yana da MNPS, har ta kai jirgi ɗaya mai na'ura ɗaya yana buƙatar takardu daban-daban a kan abu guda. Don kawar da wannan ruɗani ICAO ta fito da tsarin PBN, wanda babban taronta ya amince da shi a 2007, aka kuma wallafa littafin ƙa'idojinsa a 2008. Hikimar tsarin ita ce a daina tambayar wace na'ura jirgi yake ɗauke da ita, a koma tambayar me zai iya yi. Lambar da ke bin sunan izini ita ce amsar: RNAV 5 na nufin jirgi ba zai kauce wa layinsa da fiye da mil 5 na teku ba cikin kashi 95 bisa 100 na lokacin tafiya, RNAV 1 kuma mil 1, inda kowane mil yake daidai da mita 1,852. Izinin da ke farawa da RNP yana da ƙarin sharaɗi, wato jirgin ya riƙa lura da daidaiton tafiyarsa da kansa, ya kuma gargaɗi matuƙi da zarar ya kasa cika ma'aunin. B-RNAV ta Turai ta koma RNAV 5, kuma amfanin tsarin ya fi yawa ga filayen da ba su da kuɗin kafa na'urorin sauka masu tsada, tunda ana iya zana musu hanyar sauka ta tauraron ɗan Adam.

Wannan daidaito ya zo da nasa haɗarin. Jirage biyu masu fuskantar juna a hanya ɗaya yanzu suna bin tsakiyar layi daram, don haka idan aka yi kuskuren mataki babu ɗan kaucin da zai cece su. Haka ta faru a Brazil ranar 29 ga Satumba, 2006, lokacin da jirage biyu suka yi karo a tsawon ƙafa 37,000, mutum 154 suka rasu. Saboda irin wannan haɗari ne a wasu yankuna masu nisa, musamman kan teku, aka yarje wa matuƙa su ɗan gusa dama da layin, har zuwa mil 2.

Daidaita jirage kaɗai ba ya isa idan na ƙasa ba su daidaita ba. An raba sararin duniya zuwa yankunan kula, kuma na Najeriya sunan Kano yake amsawa, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, NAMA, ce ke tafiyar da shi, yayin da na Yamai da na Injamena suke hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwa mai kula da sararin samaniyar wasu ƙasashen Afirka, da aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar. Maƙwabtan cibiyoyi sukan rubuta yarjejeniya a tsakaninsu kan wurin da za a miƙa jirgi, da matakin da zai kasance a kai, da lokacin da za a sanar da zuwansa. Inda ma'auni ya bambanta, aikin yakan ƙaru: Rasha ta koma lissafin matakan sama da ƙafa a 2011, amma Sin har yanzu da mita take ba da matakanta, sai matuƙi ya duba jadawali ya juya su.

Raunin dokar yana sashe na 38, wanda ya ba ƙasa damar saɓa wa ma'auni muddin ta sanar da ICAO bambancin. Hukumar ba ta da ikon hukunta kowa. Abin da take yi tun 1999 shi ne binciken yadda kowace ƙasa ke sa ido a kan jiragenta, ta kuma bayyana sakamakon. Hukuncin gaske daga ƙasashe yake fitowa, kamar jerin kamfanonin da Tarayyar Turai ke hana shiga sararinta tun 2006, wanda sau da yawa gazawar hukumar ƙasa ce ke jefa duk kamfanoninta a ciki. Shi kuwa jirgin fasinja da ba shi da izinin RVSM, ko da ba a hana shi tashi ba, sai ya tsaya ƙasa da ƙafa 29,000, inda iska ta fi kauri kuma mai ya fi ƙonewa, ƙarin kuɗin man kuma a kan tikitin fasinja yake ƙarewa.