Iskar cikin ɗaki: tambayoyi kan hayaƙi, gawayi da ƙurar hunturu

Me ke ɓata iskar gida, alhali ba mota ba ce ke shiga ɗaki?

Galibi wuta ce, wadda muka hura da hannunmu: itace, kara, gawayi, risho, sigari, igiyar leƙo, turaren wuta. Duk abin da ya ƙone yana sakin ƙananan burbushi da ido ba ya gani, su wuce hanci su sauka can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000. Dubi baƙin kunkunniyar da ke rufin kicin. Mai girki ta shaƙi irinsa, haka ma goyon da ke bayanta.

Ai gawayi ba ya hayaƙi idan ya ruru. Mene ne laifin shiga da kasko ɗaki lokacin sanyi?

Rashin hayaƙin ne ke yaudarar mutane. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Idan ta shiga jini, tana kama shi fiye da iskar oksijin da ninki sama da 200, sai jiki ya rasa abin numfashi alhali mutum yana ta numfashi. Farko ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci kuwa ba ya ma jin waɗannan. Shi ya sa ake wayar gari a tarar da mutanen ɗaki guda duk a sume, ƙofa a kulle, an toshe ƙasanta da tsumma saboda sanyi.

Ɗakin mai jego ya fi ba ni tsoro, domin can ne ake ajiye garwashi dare da rana, ga jariri ɗan kwana uku. A ƙara bargo da safa da hula, kaskon ya tsaya waje. Janareto ma hukuncinsa ɗaya: ba a kunna shi a falo, ko soro, ko lungun da ke kusa da taga, ko da kuwa tsoron ɓarawo ne dalili. A nisanta shi da gini kamar mita 6, bakin hayaƙinsa na kallon waje. Idan mutanen gida suka kamu da ciwon kai lokaci guda kuma akwai wuta ko inji a kusa, a fita sarari nan take, a nufi asibiti.

To a hunturu, a buɗe taga ne ko a rufe?

Ya danganta da ranar. Ƙurar da ke lulluɓe mu daga Nuwamba zuwa Maris, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, kuma ranar da hazo ya yi kauri gara a rufe, musamman inda akwai mai asma. Amma muddin ana girki ko an kunna wani abu, a buɗe, kuma taga biyu masu fuskantar juna, don iska ta samu mashiga da mafita. Kafin shara a yayyafa ruwa. Kujeru da kan talabijin a goge su da jiƙaƙƙen tsumma. Karkaɗewa da busasshe mayar da ƙurar sama kawai yake yi.

Sauro fa? Ba a barci sai da igiyar leƙo.

Igiyar leƙo wuta ce da ke ci sa'o'i a gefen kanka. Gidan sauro mai magani ya fi ta nesa ba kusa ba. Idan feshi za a yi, a fesa a fita, a dawo a buɗe tagogi kafin a kwanta. Fiya-fiya kuwa, wanda ake ɗurawa a kwalabe ba takarda ba suna, sau da yawa maganin ƙwarin gona ne, bai kamata ya kusanci ɗakin kwana ba.

Har turaren wuta za a hana mu?

A'a, wa zai iya? A turara ɗaki babu yara a ciki, a fitar da kaskon, a bar iska ta ratsa. Ƙamshin yana zama a labule da kaya ko hayaƙin ya tafi.

An ce shuke-shuken cikin ɗaki suna tace iska. Gaskiya ne?

Maganar ta samo asali ne daga gwajin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a 1989, wanda aka yi a ƙananan akwatuna rufaffu. A ɗaki na gaske, tukunya biyu ko uku ado ne kawai.

Wanda ba shi da kuɗin gas fa?

Ya yi girkin a tsakar gida ko rumfa mai buɗaɗɗen gefe. In kicin ne, a fasa masa kafa can sama kusa da rufi, domin hayaƙi sama yake bi. Busasshen itace ya fi ɗanye ƙarancin hayaƙi, don haka a tanadi inda ruwan damina ba ya taɓa shi. A daina hura wuta da leda ko tsohon silifa. Idan kuma tuwo ya hau wuta, a sauke goyon a miƙa wa wani ya riƙe shi can gefen da iska ke busowa, inda hayaƙin ba ya zuwa.