Aramaya da Armaya a Harshen Suryaniyanci

Aramaya (ܐܪܡܝܐ) ita ce kalmar da Suryaniyanci ke kiran Ba'aramiye da ita. Suryaniyanci kuwa reshen Aramaik ne, wato harshen Aramiyawa, da ya bunƙasa a birnin Edessa, wato Urfa ta ƙasar Turkiyya a yau. An gina kalmar daga sunan ƙasar Aram da ɗafa-ƙeyar -aya mai nuna asalin mutum. Suryaniyawan yamma suna cewa Oromoyo.

Sunan ya girmi harshen Suryaniyanci nesa ba kusa ba. Ya bayyana a rubuce-rubucen Tiglat-Fileser na ɗaya, sarkin Assuriya (1114–1076 kafin Miladiyya), wanda ya yi ta yaƙar Aramiyawa a gaɓar kogin Furat. Littafin Farawa 10:22 ya lissafa Aram cikin 'ya'yan Shem. Wasu masana na danganta shi da tushen da ke nufin tudu ko ɗaukaka, amma hasashe ne kawai.

Da yake tsohon rubutun Suryaniyanci baƙi ne zalla, babu wasali, haruffan nan guda suna karantuwa iri biyu. Aramaya na nufin ɗan ƙabilar. Armaya kuwa arne, ko wanda ba Bayahude ba. Yahudawa masu jin Aramaik sun saba kiran maƙwabtansu masu bautar gumaka da wannan suna, har ya zama tambarin addini. Peshitta, wato fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Suryaniyanci, ta bi sahu: inda asalin Helenanci (Girkanci) na Romawa 1:16 da Galatiyawa 3:28 ya ce "Baheleni", sai ta sa Armaya. Mutum ya buɗe Littafinsa Mai Tsarki ya tarar sunan kakanninsa na tsaye a madadin arna. Ba abin mamaki ba ne da Kiristocin yankin suka fi rungumar Suryaya ko Suryoyo, daga sunan Siriya da Helenawa suka yaɗa.

Duk da haka tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Tsakiyar Iraƙi, wajen tsoffin biranen Salukiya da Tesifon, ta ci gaba da amsa sunan Bet Aramaye a littattafan coci. A zamanin nan wasu Suryaniyawa sun koma kiran kansu Aramiyawa, wasu suka tsaya kan Assuriyawa, gardamar kuma ta fi zafi a tsakanin mazauna Suwidin da Jamus. A 2014 Isra'ila ta amince a yi wa Kiristocin da suka nema rajista a matsayin Aramiyawa.