Wu Zetian

Wu Zetian (wajen 624 zuwa 705) ita ce mace ɗaya tilo a tarihin ƙasar Sin da ta hau gadon sarauta da sunanta, ta ɗauki laƙabin huangdi wanda sarakuna maza kaɗai ke ɗauka. An yi matan da suka juya mulkin Sin a madadin 'ya'yansu ko mazajensu, amma ita ta kafa daular kanta mai suna Zhou, ta yi sarauta daga 690 zuwa 705. In aka haɗa da lokacin da take mulki a bayan labule, ta riƙe ragamar ƙasar fiye da shekara arba'in.

Asali

Mahaifinta, Wu Shiyue, ɗan kasuwar katako ne daga Wenshui a lardin Shanxi na yau. Ya mara wa Li Yuan baya lokacin da ya kafa daular Tang a 618, aka saka masa da muƙami. Mahaifiyarta daga gidan Yang take, dangin sarakunan daular Sui da ta shuɗe. Ana taƙaddama kan garin da aka haife ta. Mutanen Guangyuan da ke Sichuan na cewa tasu ce. Ta yi karatu tun tana yarinya, abin da ba kowace 'ya mace ke samu ba a wancan zamani.

Shigarta fada

Tana da kimanin shekara 14 aka kai ta gidan Sarki Taizong na daular Tang a matsayin ƙwarƙwara mai ƙaramin matsayi. Ba ta haifa masa ɗa ba, don haka da ya rasu a 649 aka aske kanta aka kai ta gidan ibadar Buddha na Ganye, kamar yadda al'ada ta tanada. Can ya kamata labarinta ya ƙare. Sai dai sabon sarki Gaozong, ɗan marigayin, ya riga ya ƙyalla ido a kanta, ya kuma mayar da ita fada wajen 651. An ce uwargidansa, Sarauniya Wang, ita ma ta so hakan don ta karya lagon kishiyarta Xiao.

Wajen 654 jaririyar da Wu ta haifa ta mutu, aka ɗora laifin a kan Wang. Marubutan da suka zo daga baya sun ce Wu ce ta shaƙe 'yar da hannunta. Masana da dama a yau na shakkar wannan ruwaya. A 655 Gaozong ya tuɓe Wang ya naɗa Wu, duk da adawar manyan fadawa irin su Zhangsun Wuji, kawun sarki, da Chu Suiliang. An kashe Wang da Xiao, an kori Chu daga babban birni, shi kuwa Zhangsun an tilasta masa kashe kansa a 659.

Daga 660 ciwo ya kama Gaozong, jiri da raunin gani, sai takardun mulki suka koma hannun matarsa. Takan zauna bayan labule a zaman fada tana yanke hukunci tare da shi.

Daga uwar sarki zuwa sarki

Gaozong ya rasu a ƙarshen 683. Ɗansu Zhongzong bai cika wata biyu a kan gado ba ta sauke shi, bayan ya nemi bai wa surukinsa babban muƙami. Ta ɗora ƙanensa Ruizong, wanda ba shi da ta cewa. Tawayen da Xu Jingye ya tayar a Yangzhou a 684 da na 'ya'yan sarautar Tang a 688 duk an murƙushe su cikin ƙanƙanin lokaci.

Shekarun nan su ne mafi muni a tarihinta. A 686 ta sa aka ajiye akwatin tagulla da kowa zai iya jefa takarda a ciki, ko shawara, ko koke, ko tsegumi. Tsegumin ne ya fi yawa. 'Yan sandan ciki irin su Zhou Xing da Lai Junchen suka riƙa azabtar da mutane har su amsa laifin da ba su yi ba, aka hallaka da yawa daga gidan sarauta da manyan ma'aikata. Daga baya ta juya musu baya, aka kashe Lai Junchen a 697.

A 690 ta shelanta daular Zhou, ta mai da Luoyang babban birni. Da yake koyarwar Confucius, babban malamin falsafar Sin na dā, ba ta yarda mace ta yi mulki ba, sai ta jingina da addinin Buddha: malamansa suka yaɗa wani nassi da ke hasashen zuwan mace mai sarauta, ta kuma umarci a gina gidan ibada da sunan nassin a kowace gunduma. Ta ƙirƙiro sababbin haruffa, ciki har da na sunanta, Zhao, wanda ya haɗa rana da wata a bisa sarari.

Salon mulkinta

A nan ne ya kamata a fi dubanta. Kafin ita, manyan muƙamai gadon wasu tsirarun gidaje ne na arewa maso yamma. Wu ta ƙarfafa jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ta ƙara yawan masu shiga aiki ta wannan hanya, har ta riƙa yi wa 'yan takara tambayoyi da kanta a fada. A 702 ta kafa jarrabawar hafsoshin soja. Ba ta kawar da gidajen gado ba, amma ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da uwa a gindin murhu. Tana da idon gane mutum: ita ta ɗaga Di Renjie, wanda ke faɗa mata gaskiya ba tsoro, haka Yao Chong da Song Jing waɗanda suka zama ginshiƙan mulkin jikanta Xuanzong. Shangguan Wan'er, jikar wani waziri da aka kashe a 664 saboda ya rubuta takardar tuɓe Wu, ita ce ta zama mai rubuta mata umarnin sarauta.

A fagen yaƙi, a 692 dakarunta sun ƙwato sansanoni huɗu na yamma daga hannun Tibet. Tawayen ƙabilar Khitan na 696 kuwa ya ba ta wahala.

Saukarta da rasuwarta

A 698, bisa shawarar Di Renjie, ta dawo da Zhongzong ta naɗa shi magaji maimakon 'ya'yan 'yan uwanta na gidan Wu. Da tsufa ya kama ta, 'yan uwa biyu, Zhang Yizhi da Zhang Changzong, suka mamaye fada. A farkon 705 waziri Zhang Jianzhi ya jagoranci juyin mulki, aka kashe 'yan uwan biyu, aka sa ta yi murabus, daular Tang ta dawo. Ta rasu a watan Disamba na shekarar, aka binne ta kusa da mijinta a Qianling a 706.

Abin da ta bari

Waɗanda suka rubuta tarihinta maza ne masu bin Confucius, don haka sai an tace abin da suka faɗa. Duk da haka wasu cikinsu sun yaba mata iya zaɓen ma'aikata. Kisan da ta yi gaskiya ne, kuma ya fi shafar manyan fada fiye da manoma.

Babban gunkin Buddha na kogunan Longmen, mai tsawon kusan mita 17, wanda aka gama a 675, da gudummawar kuɗin kwalliyarta aka sassaƙa shi. A Qianling akwai dogon allon dutse da aka kafa mata ba tare da rubutu ba. Wasu na cewa ita ta so haka, wasu na cewa magadanta ne suka kasa daidaitawa kan abin da za a rubuta. A Guangyuan har yanzu ana ziyartar gidan ibada na Huangze, inda aka ajiye siffarta.