Daga jiragen da ke shawagi a saman Kano zuwa sojan da ke yaƙi a ruwa: tambayoyi da amsoshi

Waɗanne jirage ne muke jin rugugin su da safe a saman Kurna, Fagge da Birged?

Galibi jiragen koyo ne, samfurin L-39ZA, na makarantar koyon tuƙin jiragen yaƙi ta 403 da ke gefen filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Ƙirar tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya ne, kuma tun wajajen 1986 suka shigo hannun sojan saman Najeriya. Kujeru biyu gare su, ɗalibi a gaba, malami a baya, kowa da sandar tuƙinsa, ta yadda in ɗalibi ya rikice malami zai karɓe nan take. Ba a Kano ake fara karatun ba. Ɗalibi yana fara tashi da ƙananan jirage masu farfela a makaranta ta 401 da ke Kaduna, in ya ci sai a turo shi nan ya koyi jet: tafiya a jere da wasu jirage, tashi da dare, tuƙi da agogunan jirgi kawai ba tare da ganin ƙasa ba, sannan harbi. Kano dai ba baƙuwar jirgi ba ce, don a nan jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925.

Me ya sa aka kashe kusan dala miliyan 500 a kan Super Tucano, alhali mai farfela ne?

Wannan tambaya ta fi kowace yawa, kuma tushenta zaton cewa jirgin da ya fi gudu shi ya fi amfani. A yaƙin da Najeriya ke yi ba haka abin yake ba. Abokin gaba ba shi da jiragen sama. Mutane ne a kan babura da motocin a-kori-kura, suna fakewa ƙarƙashin bishiyoyi. Wanda zai yaƙe su yana buƙatar ya daɗe a samansu yana kallo, ya bambance su da mutanen ƙauye, sannan ya yi harbi. Jet mai tsananin gudu kafin matuƙi ya tantance abin da ya gani ya wuce wurin, mai kuma ya yi ƙasa.

A-29 Super Tucano guda 12 ne aka sayo ta hannun Amurka, suka iso a 2021, mazauninsu Kainji. Injinsa mai ƙarfin doki 1,600 ne, iyakar gudunsa wajen kilomita 590 a awa. Yana da bindigogi biyu masu harsashin milimita 12.7 a cikin fikafikansa, da maratayai biyar na bamabamai da rokoki da tankin ƙarin mai, nauyin da ya kai wajen tan ɗaya da rabi. A ƙarƙashin cikinsa akwai kyamarar da ke ganin zafin jiki da dare, wadda kuma ke haska abin hari da hasken leza don bam ya bi. Yana yin awanni a sama, kuɗin awa ɗaya na tashinsa bai kama ƙafar na jet ba, kuma yana iya sauka a filin da ba shi da kyau sosai.

Rauninsa a fili yake. Ba zai iya da jet ba, kuma in ya yi ƙasa-ƙasa babbar bindigar da ake girkewa a bayan mota na iya samunsa. Ko jet ma bai tsira ba: a Yulin 2021 'yan bindiga suka kakkaɓo Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙin ya fice da kujerar tsira ya sauka da lema. Akwai kuma abin da babu kyamarar da ke magancewa. Tana nuna taron mutane, ba ta faɗin ko su waye. In bayanan sirri daga ƙasa suka gurɓace, sai a sami irin abin da ya faru a Rann ta jihar Borno a Janairun 2017, inda aka jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira.

To JF-17 fa, meye aikinsa?

Tsaron sararin samaniya da kai hari mai nisa cikin gaggawa. Jet ne ƙirar haɗin gwiwar Pakistan da Sin, yana ninka gudun sauti sau ɗaya da rabi da ɗoriya, yana da rada da makamai masu linzami na kakkaɓo jirage. Uku aka ƙaddamar a Makurɗi a 2021. Uku kuwa ba runduna ba ce, don a kowane lokaci sai an sami wanda ke hannun kanikawa.

Hazo da zafin Kano suna hana jirgin yaƙi aiki?

Sosai. Hazon hunturu yana rage nisan gani, yana kuma warwatsa hasken leza, sai bam ya rasa abin bi. Ƙura tana cin bakin fikafikan da ke matse iska a cikin inji, a hankali ƙarfinsa ya ragu, shan mai ya ƙaru, shi ya sa ake wanke cikin injin a kai a kai, ake toshe bakinsa da zarar an kashe shi. Kafin a fara tashi ma'aikata kan jeru su taka filin suna tsince tsakuwa da kusoshi, domin noti guda in inji ya zuƙe shi ya isa ya lalata shi. Shirwa da ungulu ma haɗari ne, kuma juji ko mahauta kusa da filin jirgi su ke tara su.

A bazara kuma, in zafi ya haura digiri 40, iska tana yin shara-shara. Inji ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ba ya ɗagawa da wuri. Sai dai a rage mai ko bamabamai, ko a tashi da sassafe.

Gaskiya ne matuƙi na iya suma a sama?

Gaskiya ne. In jirgi ya yi kwana mai tsanani, nauyin jiki yana ninkuwa. A ninki shida, mutum mai kilo 70 yana jin kansa kamar kilo 420, jini ya gangara ƙafafu ya bar ƙwaƙwalwa. Da farko launuka su dushe, gani ya tsuke, sai duhu, sai suma. Wanda ba shi da horo yakan suma a ninki huɗu zuwa biyar. Maganinsa wando na musamman da ke kumbura ya matse cinyoyi da ciki, tare da ɗaure tsokoki da yin numfashi gajere mai ƙarfi kusan duk daƙiƙa uku.

Mutane kan kira kowace motar soja "tanka". Ina bambancin?

Tanka tana tafiya a kan kaca, tana da sulke mai kauri da igwa mai juyawa. VT-4 da aka kawo daga Sin a 2020 ta haura tan 50, igwarta milimita 125, mutum uku ke cikinta domin na'ura ce ke ɗura harsashi. T-72 ta Rasha ma haka tsarinta yake. Kacar tana baza nauyin, shi ya sa tanka ke wuce rairayin da mota za ta kafe. Amma kaca tana saurin cinyewa a kan kwalta, mai kuma lita-lita take sha a kowace kilomita, don haka a bayan tirela ake kai ta bakin daga.

Motar ɗaukar dakaru mai sulke aikinta kai soja wurin faɗa ba tare da harsashin bindiga ya same shi ba. Ta uku ita ce MRAP, wadda aka ƙera don bam ɗin da ake binnewa a hanya. Cikinta ta ƙasa a tsuke yake kamar na kwale-kwale, an ɗaga shi nesa da ƙasa, don ƙarfin fashewa ya zame gefe da gefe. Taya da gatari su tarwatse, ɗakin mutane ya tsira. Kujerun ba a kafe suke a daɓe ba, a jikin bango ko rufi ake rataye su, don girgizar kada ta karya ƙafa da kashin baya. Ana haɗa irinta a gida: Ezugwu da aka ƙaddamar a Kaduna a 2019, da Ara ta kamfanin Proforce a jihar Ogun.

Amma ai ana jin MRAP ta faɗi ko ta mutu a hanya.

Tsayin da ke kare ta daga bam shi ke kayar da ita. Nauyinta na sama ne, in direba ya yanki kwana da gudu, ko gefen hanya ya zabtare da damina, sai ta kife. Kwalbatin ƙauye da aka yi don motar kaya ba lallai ya ɗauki tan 15 ba. A ciki kuma, duk wanda bai ɗaura bel ba, da duk akwatin harsashin da ba a ɗaure ba, su ne ke raunata mutane lokacin fashewa.

Mutuwa a hanya kuwa galibi daga ƙananan abubuwa ne: matatar iska ta toshe da ƙura, lagireto ya cika da ciyawa inji ya yi zafi, man gas da ruwa ya shiga ya kashe famfon mai. Babbar matsalar ita ce tara motoci daga ƙasashe barkatai, kowace da nata kayan gyara da nata horon. Duk bakaniken da ya taɓa zaga Ƙofar Ruwa neman sifaya ta motar da ba a saba da ita ba ya san yadda abin yake. Sai a koma cire na wannan a sa wa waccan, har rabin motocin su zama gawa a bariki.

Ina ruwan sojan da aka ɗauka daga Kano da horon yaƙin ruwa?

Tafkin Chadi. Mayaƙa sun daɗe da komawa tsibiransa, inda tanka ba ta zuwa. Akwai sansanin sojan ruwa a Baga, sojan ƙasa kuma na da makarantar yaƙin ruwa da tudu a Kalaba. Tsohon aiki ne a Najeriya, don ta ruwa aka sauke dakaru a Boni da Kalaba a 1967.

Horon yana farawa da iyo cikin kaki da takalmi da bindiga, da yadda ake yar da kaya masu nauyi a cikin ruwa. Sai atisayen kife kwale-kwale da gangan a miƙe da shi, a ƙirga mutane. Sai lodi: nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, abin da za a fara buƙata shi ake sawa a ƙarshe, rediyo da harsashi a jakar da ruwa ba ya shiga. Kafin ranar sauka 'yan leƙen asiri su auna zurfi, su taka ƙasan su ji ko laka ce ko yashi, su nemo mafita. Rukunin farko ya sauka da kaya marasa nauyi, ya bar bakin ruwa da sauri ya kama tudu, sannan manyan makamai su biyo. Cunkushewa a gaɓa shi ne kuskuren da ya fi cin rayuka.

Me ya fi ɓata irin wannan aiki?

Rashin sanin ruwan. A Tarawa, cikin tekun Fasifik, a Nuwamban 1943, ruwa bai ciko kamar yadda Amurkawa suka yi lissafi ba, jiragen saukar dakaru suka kafe a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa, soja suka taka ɗaruruwan mitoci ana harbinsu, aka rasa wajen dubu cikin kwana uku. A Tafkin Chadi ruwa yana cika yana janyewa da lokutan shekara, hanyar da aka bi bara bana ta toshe. Ciyawar kacalla da sauran ciyayin ruwa suna naɗe farfela, su toshe ramin da ke zuƙo ruwan sanyaya inji, ya ƙone a tsakiyar fadama. Don haka ake riƙe gora da filafili a kowane kwale-kwale, ake kuma neman masunta su nuna hanya.

Na biyu, sakaci da gyara. A Yulin 2020 wata motar sulke mai iyo ta sojan Amurka ta nutse a gaɓar Kalifoniya lokacin atisaye, mutum tara suka mutu. Bincike ya nuna ruwa na shiga ta wuraren da ba su toshe da kyau ba, giyar motar ta lalace har famfunan kwashe ruwa suka kasa, an yi jinkirin ba da umarnin fita, kuma da yawa daga cikin dakarun ba su kammala horon ficewa daga motar da ke nutsewa ba.